Akwatin da Na Kai Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A wurin aiki ana tare ni a baranda, a masallacin unguwa ana riƙe mini hannu bayan sallame salla, a majalisarmu ta Gobarau kuwa Alhaji Mamman mai yadi ya rantse ba za a zuba mini shayi ba sai na ba da labari. Kowa nakan ce masa lafiya lau, Alhamdu lillahi, ƙasa mai kyau, mutanen kirki. To na gaji da faɗin lafiya lau, domin ba duka ce gaskiyar ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Kabir. Shekara ashirin da biyu ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a nan cikin birnin Katsina. Aikina duba jini da fitsari da majina, da shuka ƙwayoyin cuta a faranti in jira in ga abin da zai tsiro. Shekara biyu da suka wuce aka kawo mana wani aikin bincike a kan jarirai sabbin haihuwa. Jariri zai zo duniya lafiya, kwana biyu ko uku jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ya saki nono, numfashi ya sarƙe, a yi ta ɗirka masa allurar da muka saba amma kamar ana zuba ruwa. Shugaban aikin a Najeriya wani Farfesa ne mazaunin Abuja, ba zan kama sunansa ba. Nawa rabon shi ne in ɗebi jinin jaririn, in shuka, abin da ya tsiro in kwashe a 'yar kwalba in rubuta mata lamba. An ce kuma in riƙa goga auduga a jikin kayan ɗakin jarirai, famfo da gadaje da injin zuƙe majina, su ma in shuka. Duka ana aika su wata cibiyar bincike a Yamai, inda suke da injinan da ke karanta ƙwayar cuta har su gane wacce 'yar uwar wacce ce.

Kashi na farko ya tafi wata goma kafin tafiyata. Shiru. Duk ranar da na buga wa Farfesa sai ya ce, "Ana kan aiki, Malam Kabir, bincike ba gaggawa." Sai ga takarda cewa za a yi taron duk asibitocin da ke cikin aikin, in zo, in kuma taho da kashi na biyu. Farfesa ya bi jirgi. Ni da akwatin sanyi muka bi ƙasa.

Direban da aka ba ni Malam Iro ne, dattijo ɗan Batagarawa, ya fi shekara talatin yana tuƙi. Da ya ga ina ɗaure akwatin da bel a kujerar baya kamar fasinja, sai ya tsaya yana kallon jar alamar da ke jikin murfin.

"Malam, mi ke ciki?"

"Ƙwayoyin cuta ne, amma a rufe suke ruf."

"Suna da rai?"

"In Allah ya so su kai Yamai da rai. Shi ne ma aikin namu."

Ya buɗe but ya ɗauko rawani ya naɗe hanci da baki, haka ya tuƙa mu har Jibiya a cikin zafin bazara, gilashi a sauke, yana ta salati. Ni kuma idona a kan daji, domin kun san hanyar nan ba a binta da sakin jiki. Allah ya kiyaye, muka wuce.

A ɓangarenmu na iyaka ba a ɓata mana lokaci ba. Da muka tsallaka, sai aka ɗaga mana igiya aka nuna mana gefe. Can kwastan duwan suke cewa, likita kuma lokotoro, asibitin ne suke kira likita, abin da ya rikita ni har na dawo. Jami'in da ya karɓi takardunmu dogo ne siriri, ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, ya duba katin shaida da katin allurar shawara, sannan ya leƙa mota.

"Mi na cikin wanga?"

Na ce, "Ƙwayoyin cuta."

Bencin da ke gefenmu cike yake da matafiya. Kafin in rufe baki ya zama fili. Wata tsohuwa ta suri ƙullin kayanta ta koma gindin bedi tana yi mini kallon da ban taɓa gani ba. Malam Iro ya matso kunnena ya ce, "Haba Malam, kai ba ka iya cewa magani ba?"

Jami'in bai yi faɗa ba. Ya juya takardata gaba da baya ya ce da Turanci aka rubuta ta, shi Faransanci yake karantawa, kuma babu hatimin da ya kamata a ce tana da shi. Gaskiyarsa ce. Akwai kwafin Faransanci mai hatimi, an ce za a haɗo mini, ashe yana nan kwance a ofishin Farfesa. Layina kuwa ya mutu tun da muka haye igiya. Wani mai sayar da rake ya nuna mini wani tudu bayan shingen ya ce nan ake kamo Najeriya. Na hau tudun nan na ɗaga waya sama kamar mai neman wata, rana tana dukan tsakiyar kaina, na buga wa Farfesa bai ɗauka ba, na buga wa sakatariyarsa ta ce yana filin jirgi, makullin durowar da takardar ke ciki kuma yana aljihunsa. Daga hantsi har bayan la'asar muna nan.

Ƙanƙarar da na jera a cikin akwatin an yi mata lissafin yini guda a mota mai sanyi, ba a ƙarƙashin rana ba. Da na taɓa murfin, sai na ji ya yi ɗumi. A cikin kwalaben nan akwai ɗaya da ba na bukatar duba littafi kafin in tuna lambarta. Jinin jaririn Asma'u ne, 'yar ƙanwata, haihuwarta ta fari. Ni na matsa wa mijinta ya kawo ta asibiti, na ce a daina haihuwar gida. Ni na riƙe ɗan hannun yaron na ɗebi jinin. Ya rasu rana ta biyar, ba a kai ga suna ba, ragon ma yana ɗaure a tsakar gida. Wata uku ke nan kafin tafiyar.

Ban san abin da jami'in ya gani a fuskata ba. Ya zo ya tsaya kusa da ni ya ce, "Na su wa na, cutar?" Na ce ta jarirai ce. Ya ce tasa matar ma ta bar ɗaya a likita bara, kwana huɗu da haihuwa. Ya cire hularsa ta aiki, ya hau babur, can sai ga shi da buhu cike da ƙanƙarar leda irin ta masu zoɓo. Tare muka farfasa ta da dutse muka cusa. Sakatariyar ta samo wani makulli, takardar ta shigo wayata a kan tudun wajen ƙarfe biyar, jami'in ya karanta ta layi bayan layi, ya buga hatimi, ya ce Allah shi kai mu lafiya.

Dole muka kwana Maraɗi. Gidan baƙin da muka sauka na wani Alhaji ne mai fara'a, da ya ji daga inda muke sai ya ce, "Wace ƙofa?" Na ce Ƙofar 'Yandaka. Ya rungume ni ya ce kakannin kakanninsa daga can suka fito, ai mu ne baƙi a Katsina, su ne masu gari. Hausarsu irin ta kakata ce sak, kalmomin da na manta tun ina yaro na ji su a bakin masu sayar da goro. Na roƙi a sa mini ƙanƙara a firiza, ya ce ba komai. Da safe na je ɗauka na tarar da ruwa a leda. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Kuran ya ɗauke tun magariba. Kuma kuran naku na, daga wajenku shi ke zuwa." Wato wutar lantarki. Na bar gida don in huta da ɗauke wuta, ashe ta biyo ni har da fasfo. Sai da muka zaga kasuwa wajen masu kifi kafin muka samu wata ƙanƙarar.

Karin kumallo burodi ne dogo kamar taɓarya, ɓawonsa kamar katako, a tsaga shi a shafe da mayonis a cusa ƙwai, sai kofi da madarar gwangwani mai zaƙi har ya hau kai. Malam Iro ya gatsa sau ɗaya ya dafe baki ya ce ya yanke masa dasashi, ya tafi neman koko.

Daga Maraɗi zuwa Yamai yini ne cur. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shingayen jandarma. A nan gida direba yakan rage gudu, a yi gaisuwa ta taga, a wuce. Can kowa sai ya sauka, a tattara katunan shaida, a taka da ƙafa a haye igiya, a tsaya a layi ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya kamar ɗaliban firamare. Ba mai ɗaga murya, ba mai cewa ka san ko ni wane ne. Na koyi darasi, duk inda aka tambayi akwati sai in miƙa takarda in yi shiru. A Galmi Malam Iro ya sayi buhun albasa ya jingina da akwatin, ya ce warin ma kariya ne. A Dogon Dutsi muka ci gasasshiyar zabuwa da yaji, ita ce abinci mafi daɗi da na ci a tafiyar duka. Muna wuce Dosso Hausa ta fara yin ƙaranci, ka yi sallama a amsa, ka ci gaba da magana a ce maka fofo, sannunsu ta Zabarmanci, a yi murmushi, shi ke nan.

Mun shiga Yamai rana na shirin faɗuwa, muka zarce cibiyar kai tsaye. Wadda ta karɓi akwatin Dakta Ramatu ce, 'yar Damagaram, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, ita ke kula da ɗakin injinan. Ta gaishe ni da Hausa, ta tambayi gajiya da mutanen gida, sannan ta sa safar hannu ta buɗe. Ta ɗaga kwalaben ɗaya ɗaya tana duba su a haske. Ta ce wasu da wuya su tashi, zafi ya taɓa su, amma yawanci za su rayu. Na tambaye ta lambar da ke raina. Ta duba ta ce wannan lafiyarta lau.

Ta zaga da ni. Ban taɓa ganin ɗakin gwaji irin wannan ba sai a hoto. Firiza jere kamar sahu, wuta ba ta ko ƙiftawa, safar hannu kwali kwali, a sa sau ɗaya a yar. Na tuna yadda muke wanke tamu mu shanya a taga. Na leƙa wani littafi na ga an rubuta lamba da waƙafi a tsakiya, na ce mata an yi kuskure a nan. Ta yi dariya ta ce su waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo. Lambar ɗaya ma in sun rubuta kamar bakwai ɗinmu take. Na ce to Allah ya sa ba a ba mutum magani da irin wannan lissafi a Katsina.

Masaukin da aka ba mu otal ne mai kyau a bakin kogi. Ƙofa da kati ake buɗe ta, na yi ta zura shi ta baya har wani mai shara ya tausaya mini. A wajen taro kowa yana bin kowa da musabaha duk safiya, ko jiya kun yini tare, Turawa da matan da suka yi karatu a waje kuma suna haɗa kumatu hagu da dama. Wata ta nufo ni da nata kumatun, na dafe ƙirji na ja da baya har na taka ƙafar wani Farfesa ɗan Mali. Da rana aka kawo faranti da latas da tumatir da burodi. Na ɗauka abincin ke nan, na ce mutanen nan da yunwa suke zaune, na cika cikina da burodi. Ina gamawa aka shigo da shinkafa da kifi, bayan nan kuma da kankana. Malam Iro shi ya fi ni dabara, ya samu wata mai dambu da zogale a bayan otal, kopto suke ce masa, ya ce shi ya ga gida.

An ba kowa kati ya rataya a wuya. Na Farfesa an rubuta shugaban bincike. Nawa Dakta Ramatu ta fassara mini da na matsa mata, ta ce wai mai rakiyar kaya. Na yi dariya a lokacin. Wurin zamana a layin baya ne, da abin kunne da ake jin fassara zuwa Turanci.

A rana ta biyu da hantsi wata Baturiya, babbar masu binciken, ta hau mumbari. Aka haska wani zane a allo mai kama da itace da rassa, kowane reshe ƙwayar cuta ce daga jariri ɗaya. Ta ce a yawancin asibitoci rassan a warwatse suke, kowane yaro da inda ya kwaso tasa. Amma ku dubi asibiti na uku. Ta nuna wani reshe guda da aka yi wa jan launi, lambobi cunkushe a kansa kamar 'ya'yan dabino. Muryar mai fassara ta ce a kunnena, ba tare da ta canza ba, waɗannan duka ƙwaya ɗaya ce, ba ta jin alluran da ake ba jarirai da farko, kuma mun samo inda take zaune. Aka canza hoto. Ita ce dai aka samu a audugar da aka goga a cikin robar injin zuƙe majina da kwalbarsa.

Ba a faɗi sunan asibiti ba. Ba na bukata. Lambobin nan da hannuna na rubuta su, da baƙin alƙalamin da nake ajiyewa a aljihun riga. Injin nan na san shi, shuɗi ne, ƙafarsa ɗaya an ɗaure da bandeji. Duk jaririn da ya zo da majina a maƙogwaro shi ake zura masa. Wato yaro zai zo lafiya, mu zura masa ajalinsa da hannunmu don mu taimake shi ya yi numfashi.

Aka yi tafi. Wani ya miƙe ya ce sakamako ne mai kyau ƙwarai, ya kamata ya fito a babbar mujalla. Na ɗaga hannu, ban ma san da wane yare zan yi magana ba. Mai gabatarwa ya dubi agogo ya ce lokaci ya ƙure, a fita shan shayi.

Na samu Dakta Ramatu a bakin ƙofa. Na ce, "Dakta, don Allah yaushe kuka gano wannan?"

Ta dube ni kamar ba ta gane tambayar ba. "Ai tun wata biyu da zuwan kashin farko. Ba ku canza injin ba?"

"Yau na fara ji."

Ta ajiye kofinta a kan taga. Ta ja ni zuwa ofishinta, ta buɗe kwamfuta, ta nuna mini saƙon da ta aika wa Farfesa, da Turanci, an rubuta gaggawa a samansa. Ta nuna mini na biyu bayan mako uku. Amsa layi ɗaya ce, an gode, za a duba. Na ƙirga da yatsu a gabanta. Wata takwas. Jaririn Asma'u ya zo duniya wata biyar bayan saƙon nan ya isa Abuja.

Ta ce, "Malam, wallahi na ɗauka an gaya muku. Dokar aikin ta ce shugaban bincike na kowace ƙasa kawai muke ba sakamako. Ba ni da lambar kowa a asibitinku." Idonta ya kawo ruwa. Ni nawa a bushe yake, har yau ban san dalili ba.

Farfesa yana tsaye da wasu baƙi, da ɗan biskit a hannu. Na jira suka gama dariya, na gaishe shi, na ce ina son magana. Muka koma gefe.

"Ranka ya daɗe, asibiti na uku namu ne."

"Na sani, Malam Kabir. Kai ma ka yi ƙoƙari, aikinka ne ya fito."

"An aiko maka tun wata takwas."

Fuskarsa ta canza kaɗan, ya rage murya. "Sakamakon farko ne. Ba a gina hukunci a kan auduga ɗaya, shi ya sa muka ce ka kawo kashi na biyu a tabbatar. Ka san mutanenmu. In magana ta fita cewa inji na kashe jarirai, gobe rediyo ta ɗauka, mata su daina zuwa haihuwa, hukumar asibiti ta kore mu, aikin shekara biyu ya ruguje. Wa aka taimaka?"

"Ba rediyo na ce ba, ranka ya daɗe. Waya ɗaya. Ka ce Kabir, ku wanke robar nan."

"Akwai hanyar da ake bi. Akwai kwamiti."

"Ɗan 'yata yana cikin akwatin da na kawo."

Ya ce inna lillahi, ya dafa kafaɗata, ya ce Allah ya jiƙansa ya sa mai ceto ne, bai sani ba. Sannan ya tuna mini, a hankali, cewa na sa hannu a takardar riƙe sirri. Aka buga ƙararrawar komawa zaure, ya gyara babbar rigarsa ya shiga, domin shi ne mai jawabi na gaba.

Baturiyar ma ta neme ni da yamma, Dakta Ramatu ta gaya mata. Ta ce ta yi baƙin ciki matuƙa, ta ɗauka an isar, za ta kawo maganar a taron shugabanni don a gyara tsari. Ta ba ni katinta. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: na duba ko'ina ban ga mugu ba. Kowa mai fara'a, kowa da hujjarsa, kowa ya bi doka. An nuna mana daftarin rubutun da za a buga, sunaye goma sha wani abu a sama, a can ƙasa kuma layi ɗaya na godiya ga ma'aikatan asibitoci. Wani abokin aiki daga wata ƙasa ya yi ta ƙorafin ba a sa sunayenmu ba. Ni na gode Allah da ba a sa nawa ba.

Ban tsaya liyafar rufe taro ba. Da asuba muna ɗaura kaya sai ga Dakta Ramatu a kan babur ɗin haya, ta miƙo mini ambulan. Sakamakon ne ta buga a takarda, da sunan alluran da ƙwayar ke ji da waɗanda ba ta ji. Ta ce babu hatimi, kuma ba daga hannunta ya fito ba. Ta rubuta lambar wayarta a bayan ambulan ɗin.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Malam Iro ya cire rawanin hanci tunda akwati ya zama fanko, ya yi ta jan hira, da ya ga ba na amsawa ya kunna karatu. A iyaka muka sake samun dogon jami'in nan. Ya gane mu, ya zo da fara'a ya ce, "Lokotoro, an samo maganin?" Na ce ana kan aiki. Sai da maganar ta fita na ji a bakin wa na are ta.

Washegari na kai takardar ofishin shugaban asibiti. Ya karanta sau biyu, ya ce abu ne babba, amma ba zai iya aiki da takarda marar hatimi ba, a jira ta hukuma daga Abuja, ni kuma in rubuto buƙatar sabon inji a bi layi. Asma'u kuwa har yau ban gaya mata ba. Ta zo yi mini sannu da zuwa, ta ce Kawu ina tsarabata, na ba ta turare.

Daga ofishin shugaba na zarce ɗakin jarirai. Hajiya Binta ce shugabar nas-nas a wurin, shekara talatin tana karɓar jarirai, saura kaɗan ta yi ritaya. A watannin nan ta rame. Ta canza sabulun wanke hannu, ta hana 'yan dubiya shiga, ta kori wata nas da ta gani da dogon farce, ta sa an yi saukar Alƙur'ani. Na ja ta gefe na karanta mata takardar da Hausa. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan baki. Ta juya ta dubi injin a kusurwa.

"Shi kaɗai gare mu," ta ce. "In na kashe shi, wanda ya shaƙe mi zan yi mashi?"

Na ce ba sai an kashe ba. A kwance robar da kwalbar, a jiƙa a bilic, a tafasa, kowane yaro da tasa robar, kada a ƙara ɗauraye su a baho ɗaya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya."

"Yaushe suka sani?"

Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Ta shiga ɗan ɗakin da suke ajiye jakunkuna ta fito da butar lantarkin da suke dafa shayi, ta zubar da ruwan ciki, ta cika sabo, ta jona. Ta kwance robar injin da hannunta tana ja har bandejin ƙafarsa ya warware. Muka tsaya mu biyu muna jiran ruwa ya tafasa, jarirai bakwai suna kwance a bayanmu, wata uwa tana leƙe ta gilashin ƙofa.

Da butar ta fara huci, Hajiya Binta ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wata takwas, Malam Kabir. Kuma butar nan kullum tana nan."